Hanyoyin yanka a tiyatar sauya gaɓar ƙugu

Hanyar yanka a tiyatar sauya gaɓar ƙugu ita ce wurin da likita yake tsaga fata, da kuma tsokokin da yake ratsawa har ya kai ga gaɓar da ta lalace, ya cire ta, ya sa ta ƙarfe da roba ko ta tangaran a madadinta. Gaɓar ƙugu, wadda ake kira kwatangwalo, tana can ciki ne, tsoka mai kauri ta kewaye ta ta kowace fuska. Saboda haka ba a isa gare ta sai an tsaga wata tsoka, ko an yanke ta daga jikin ƙashi, ko an ture ta gefe. Manyan hanyoyin da likitoci suke bi a yau huɗu ne: hanyar baya, hanyar gefe, hanyar gaba-da-gefe, da hanyar gaba.

Kowace hanya tana da sauƙin da take kawowa da kuma matsalar da aka fi saninta da ita. Bincike ya nuna cewa bambancinsu ya fi fitowa a makonnin farko bayan aiki, da kuma a irin matsalar da kan biyo baya. Idan aka shekara, yawancin marasa lafiya sukan kai matsayi kusan ɗaya ko ta ina aka shiga. Abubuwan da suka fi tsawon tabo tasiri su ne ƙwarewar likita a hanyar da ya saba, zaman sabuwar gaɓar daidai, da kyakkyawan ɗinkin abin da aka yanke.

## Tsarin gaɓar ƙugu

Kan ƙashin cinya zagayayye ne kamar ƙwallo, yana zaune a cikin kwarmin ƙashin ƙugu. Guringuntsi mai santsi ya rufe fuskokin biyu, sannan wata jaka mai ƙarfi ta naɗe gaɓar gaba ɗaya. A ƙarƙashin kan ƙashin akwai wuyansa, a gefen waje kuma akwai babban tozon ƙashin cinya, wato ƙashin da mutum yake ji idan ya dafa gefen cinyarsa ta sama.

Ta baya akwai babbar tsokar mazaunai, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu gajerun tsokoki masu juya cinya waje, cikinsu har da wadda ake kira firifomis. Ta gefe akwai tsokar mazaunai ta tsakiya da ƙarama, waɗanda suke manne a jikin babban tozo. Su ne suke buɗa ƙafa gefe, kuma su ne suke riƙe ƙugu daidai duk lokacin da nauyin jiki ya koma kan ƙafa ɗaya a cikin tafiya. Ta gaba akwai tsokar satoriyos da tsokar tensa.

Jijiyoyi huɗu ne likita ya fi kiyayewa. Jijiyar sayatik, wadda ta fi kowace girma a jikin mutum, tana wucewa ta bayan gaɓar. Jijiyar mazaunai ta sama tana ba tsokokin gefe umarni. Jijiyar cinya ta gaba tana tafiya tare da manyan hanyoyin jini. Ta huɗun ƙarama ce, ita ce take kai saƙon taɓi daga fatar gefen cinya. Kowace hanyar yanka tana kusantar ɗaya daga cikinsu.

## Dalilan yin aikin

Babban dalili shi ne amosanin gaɓɓai, inda guringuntsi yake cinyewa har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Sauran dalilan sun haɗa da karayar wuyan ƙashin cinya ga tsofaffi, mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jini, da gaɓar da ba ta zauna daidai ba tun haihuwa. A lokacin aikin ana yanke kan ƙashin cinya, a kankare kwarmin a sa masa kofi, a zura ƙarfe mai tsawo cikin ramin ɓargon ƙashin cinya, sannan a ɗora sabon ƙwallo a kansa. Wasu sassan da siminti na musamman ake kafa su, wasu kuma ana matsa su ne ƙashi ya tsiro ya kama su da kansa.

## Tarihi

Yawancin hanyoyin sun girmi aikin sauya gaɓar kansa, domin an fara bin su ne don fitar da mugunya, gyaran karaya, da jinyar tarin fuka na ƙashi. Bernhard von Langenbeck na Jamus ya bayyana hanyar baya a 1874, Theodor Kocher na Suwizalan ya faɗaɗa ta, sannan Alexander Gibson na Kanada ya sake gyara ta a 1950. Austin Moore na jihar Karolina ta Kudu a Amurka ya yaɗa wani salonta a shekarun 1950, shi ya sa wasu suke kiranta hanyar kudu.

Hanyar gaba kuwa Carl Hueter, wani likitan Jamus, ya rubuta ta a 1881, Marius Smith-Petersen na Boston ya fito da ita fili a 1917. A 1947 Robert Judet ya fara amfani da ita wajen sa gaɓar roba a Faransa, a kan wani tebur na musamman mai jan ƙafa. Reginald Watson-Jones na Ingila ya bayyana hanyar gaba-da-gefe a 1936.

Aikin sauya gaɓa irin na zamani ya kafu ne a hannun John Charnley a asibitin Wrightington da ke Ingila, inda a 1962 ya haɗa ƙaramin ƙwallon ƙarfe da kofin roba mai tauri, ya kafa su da siminti. Charnley yakan sare babban tozo tare da tsokokinsa, ya ɗaga shi gefe, in ya gama ya mayar da shi ya ɗaure da waya. Wannan yana buɗe gaɓar sosai, amma wani lokaci tozon yakan ƙi haɗewa, ko wayar ta katse ta riƙa sa ciwo. Yanzu ba a cika yin haka ba sai a aiki mai wuya. A 1982 Kevin Hardinge, shi ma daga Wrightington, ya bayyana hanyar gefe wadda ba ta buƙatar sare ƙashi. Hanyar gaba ta sake samun karɓuwa a Amurka ta hannun Kristaps Keggi tun shekarun 1970, da Joel Matta wanda ya fara bin ta a 1996.

## Manyan hanyoyi

### Hanyar baya

Ana kwantar da mara lafiya a kan gefensa mai lafiya. Yankan yakan kai santimita 10 zuwa 15, ya bi ta kan babban tozo ya lanƙwasa zuwa mazaunai. Likita yana tsaga babbar tsokar mazaunai bisa tsawon zarenta, ya yanke gajerun tsokoki masu juya cinya daga jikin ƙashi, ya buɗe jakar gaɓar ta baya, sannan ya lanƙwasa ƙafar ya juya ta ciki har kan ƙashin ya fito.

Ita ce hanyar da aka fi bi a duniya. Tana nuna kwarmi da ƙashin cinya sarai, ba ta taɓa tsokokin gefe, kuma ana iya ƙara tsawonta sama ko ƙasa idan aiki ya rikice. Rauninta shi ne tana buɗe bangon baya, wanda ta nan ne gaɓa ta fi gocewa idan mutum ya zauna ƙasa-ƙasa ko ya sunkuya. Jijiyar sayatik ma tana dab da wurin aikin.

### Hanyar gefe

Ana iya yin ta mara lafiya yana rigingine ko yana kwance a gefe. Yankan miƙaƙƙe ne a kan babban tozo. Likita yana tsaga tsokar mazaunai ta tsakiya, ya ɓamɓare sashenta na gaba daga jikin tozon, ya shiga gaɓar ta gaba, daga ƙarshe ya ɗinke tsokar a mazauninta. Da yake bangon baya yana nan yadda yake, gocewa ba ta da yawa. Matsalar ita ce tsokar da aka ɓamɓare ba kullum take komawa da ƙarfinta ba. Haka kuma idan tsagar ta haura fiye da kimanin santimita 5 sama da kan tozon, tana iya taɓa jijiyar mazaunai ta sama. Ko wanne ya faru, sakamakonsa ɗingishi ne.

### Hanyar gaba-da-gefe

Wannan tana bi ta tsakanin tsokar tensa da tsokar mazaunai ta tsakiya. A tsohon salonta akan saki wani ɓangare na tsokokin gefe don a sami fili. A 2004 Kim Bertin da Heinz Röttinger suka bayyana salon da ake ture tsokokin kawai ba tare da an yanke su ba. Tana da ƙarancin gocewa kamar hanyar gefe, amma ƙarfen da ake ture tsoka da shi yana iya ƙuje gefen tsokar tsakiya, kuma reshen jijiyar da yake zuwa tsokar tensa yana ratsa wurin.

### Hanyar gaba

Mara lafiya yana rigingine. Yankan yakan kai santimita 8 zuwa 10, yana farawa kaɗan a ƙasa da tsinin ƙashin ƙugu na gaba. Likita yana bi ta tsakanin tsokar satoriyos da tsokar tensa. Jijiyoyi daban-daban ne suke ba waɗannan tsokoki biyu umarni, saboda haka ana iya raba su ba tare da an katse wa kowace jijiyarta ba. Kwanciyar rigingine tana ba da damar ɗaukar hoton ƙashi ana cikin aiki, a duba zaman kofi da tsawon ƙafa.

Wahalarta tana wajen ƙashin cinya, domin ɗago shi ta wannan ƙofa har a zura masa ƙarfe yana buƙatar dabara, wani lokaci da tebur na musamman mai tsada. Nan ne likitan da bai saba ba yake iya tsaga ƙashin ko ya sa ƙarfen da ya yi masa kaɗan. A 2013 Michael Leunig da abokan aikinsa a Zurich suka bayyana salon da ake tsaga fata a kwance bisa layin lanƙwasar gindin cinya, don tabon ya ɓuya. A ƙarƙashin fatar, hanyar ba ta sauya ba.

## Tsawon yanka

A farkon shekarun 2000 an yi ta yayata ƙaramin yanka, wato wanda bai wuce santimita 10 ba, da fatan zai rage zafi ya gaggauta sallama. An gwada wannan a birnin Belfast, aka buga sakamakon a 2005. An raba marasa lafiya 219 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu yankan santimita 10 ko ƙasa da haka, wasu na santimita 16, duka ta hanyar baya kuma a hannun likita ɗaya, ba tare da sun san wanne aka yi musu ba. Ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba a zafi, ƙarin jini, fara tafiya, ko kwanakin zaman asibiti.

A wannan zamanin ne kuma Richard Berger na Chicago ya yaɗa salon yanka biyu ƙanana, ɗaya don kofi, ɗaya don ƙarfen cinya. Wani gwaji da asibitin Mayo na Amurka ya buga a 2008 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wannan salo sun fi jinkirin murmurewa a kan waɗanda aka yi wa ƙaramin yankan baya, kuma daga baya likitoci da yawa suka bar shi. Darasin da aka ɗauka shi ne tsawon tabon fata ba ya nuna yawan ɓarnar da aka yi wa tsoka a ciki. Ƙaramar ƙofa tana iya sa a ja tsoka da ƙarfi, ko a kafa gaɓa ba tare da an gan ta da kyau ba.

## Sakamako ga marasa lafiya

### Gocewar gaɓa

Gocewa ita ce fitar sabon ƙwallon daga cikin kofinsa. Tana zuwa da zafi mai tsanani, ƙafar ta gajarce ta juya, kuma sai an koma asibiti an mayar da ita. Ta fi faruwa a watanni ukun farko. Wani nazari da John Masonis da Robert Bourne suka buga a 2002, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya sami gocewa kashi 3.23 cikin 100 a hanyar baya, kashi 2.18 a gaba-da-gefe, kashi 1.27 a hanyar sare tozo, da kashi 0.55 a hanyar gefe.

Sai dai ɗinki ya sauya wannan lissafi. A 1998 Paul Pellicci da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka mayar da jakar gaɓa da gajerun tsokoki aka ɗinke su a jikin ƙashi, gocewa tana raguwa ƙwarai. A hannun ɗaya daga cikin likitocin ta sauka daga kashi 4 cikin 100 zuwa babu ko ɗaya. Wani nazari na 2006 ya sami kashi 4.46 a hanyar baya marar ɗinki, da kashi 0.49 a mai ɗinki.

Akwai wasu abubuwan da suke taka rawa ban da hanyar yanka. Ƙwallon Charnley faɗinsa milimita 22 ne, na yanzu kuwa yawanci milimita 32 ne ko 36, kuma babban ƙwallo ya fi wuyar fita. Karkatar kofi ma tana da muhimmanci: a 1978 George Lewinnek ya ba da ma'aunin da aka daɗe ana bi, wato karkata gefe digiri 30 zuwa 50, da fuskantar gaba digiri 5 zuwa 25. Ga waɗanda haɗarinsu ya yi yawa akwai kofi mai motsi biyu, wanda Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970.

### Ɗingishi

Idan tsokokin gefe suka yi rauni, ƙugu yakan zube ta ɗaya ɓangaren a kowane taku, mutum ya riƙa karkata jikinsa don ya daidaita. Likitoci suna kiran wannan da sunan Friedrich Trendelenburg, wanda ya bayyana alamar a 1895. Wani bincike da aka buga a ƙasar Norway a 2014 ya tambayi marasa lafiya fiye da 1,200, shekara ɗaya zuwa uku bayan aiki. Kashi 25 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hanyar gefe sun ce suna ɗingishi, a hanyar gaba kashi 12, a hanyar baya kashi 13. Irin wannan sakamako yana cikin dalilan da suka sa amfani da hanyar gefe ya ja baya a ƙasashe da dama.

### Raunin jijiya

Mummunan raunin jijiya ba shi da yawa a kowace hanya. Idan ya sami jijiyar sayatik, mutum yakan kasa ɗaga tafin ƙafarsa, ya riƙa jan ta a ƙasa. Wannan yana iya faruwa ko ta ina aka shiga, musamman idan an ƙara wa ƙafa tsawo da yawa. Raunin da ya fi kowanne yawa shi ne na jijiyar fatar gefen cinya a hanyar gaba. Wani bincike na birnin Ottawa a Kanada da aka buga a 2010 ya gano cewa kashi 81 cikin 100 na marasa lafiyarsu sun ji wani sauyi a fatar wurin, kamar mutuwar fata ko zugi. Wannan jijiya ba ta motsa tsoka, don haka tafiya ba ta taɓuwa, kuma ga mutane da yawa abin yana raguwa sannu a hankali.

### Saurin murmurewa

Nan ne hanyar gaba ta fi nuna fifiko. A wani gwajin asibitin Mayo da aka buga a 2018, waɗanda aka yi wa hanyar gaba sun ajiye ƙarfen dogarawa a kwana 10, 'yan hanyar baya a kwana 15. Sun rabu da kowace irin sanda a kwana 17, 'yan hanyar baya a kwana 24. Ratar kusan mako guda ce. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa tana ƙanƙancewa bayan makonni shida zuwa wata uku, kuma a shekara guda ba a cika ganinta ba.

Tsarin jinya ma yana da hannu a saurin tashi. Allurar kashe zafi ta gadon baya, maganin rage zubar jini, da tayar da mara lafiya ya taka ƙafarsa a ranar aiki ko washegari sun rage zaman asibiti a dukkan hanyoyin.

### Karaya, sassautawa da warkewar rauni

Ƙasashe da yawa suna da rajistar da ake rubuta kowane aikin sauya gaɓa: Suwidin ta fara ta gaɓar ƙugu a 1979, Norway a 1987, Ostareliya a 1999, Ingila da Wales a 2003. Rajistar Holan da ta Ostareliya sun nuna abu iri ɗaya: sake aiki saboda gocewa ya fi yawa a hanyar baya, sake aiki saboda matsalar ƙarfen cinya, kamar sassautawa, ya fi yawa a hanyar gaba. Wato matsalar ba ta ɓacewa, kamanninta ne suke sauyawa. Ga masu ƙiba sosai, yankan gaba yana iya faɗawa ƙarƙashin naɗin tumbi, inda gumi da danshi suke jinkirta warkewa su ba ƙwayoyin cuta dama.

### Mutuwa da daɗewar gaɓa

Mutuwa sanadin wannan aiki ba ta da yawa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya duba ayyuka 409,096 a Ingila da Wales, ya ga mutuwa cikin kwana 90 ta sauka daga kashi 0.56 cikin 100 a 2003 zuwa kashi 0.29 a 2011. Hanyar baya tana cikin abubuwan da suka zo tare da ƙarancin mutuwa, haka ma allurar gadon baya da matakan hana daskarewar jini. Amma nazarin na lura ne kawai, bai tabbatar da cewa hanyar ce sanadi ba. Wani nazarin na 2019 a wannan mujalla ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 58 cikin 100 na gaɓoɓin da aka sa suna kai shekara 25. Wannan daɗewa ta fi rataya a kan ingancin kayan, yadda aka kafa su, da shekarun mara lafiya.

## Ƙwarewar likita

A 2001 Jeffrey Katz da abokan aikinsa suka duba bayanan tsofaffi a Amurka, suka ga gocewa kashi 1.5 cikin 100 a hannun likitocin da suke yin aikin fiye da sau 50 a shekara, da kashi 4.2 a hannun masu yin sau 5 ko ƙasa da haka. Wani bincike na lardin Ontario a Kanada a 2014 ya nuna cewa gocewa da sake aiki suna ƙaruwa idan likita bai kai aiki 35 a shekara ba.

Sauya hanya ma yana da nasa haɗarin. Nazarin rajistar Ostareliya na 2015 ya nuna cewa likitan da ya koma hanyar gaba yana buƙatar fiye da aiki 50 kafin yawan sake aikinsa ya yi daidai da na waɗanda suka yi 100 ko fiye. Saboda haka ne ake ba marasa lafiya shawarar su tambayi likita hanyar da ya saba da yawan ayyukan da yake yi, maimakon su nace a kan wata hanya da suka ji ana yabo. A 2020 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a duba hanyar baya ko ta gaba-da-gefe a aikin farko, ta kuma nemi a ƙara bincike a kan sauran.

## Zaɓen hanya gwargwadon mara lafiya

Yanayin mara lafiya yana iya karkata zaɓi. Tsohon da ya karya wuyan ƙashin cinya, musamman mai ruɗewar tunani wanda ba zai iya kiyaye ƙa'idojin zama ba, ya fi fuskantar gocewa, don haka likitoci da yawa suna shiga masa ta gefe. Wani gwaji na Holan da aka buga a 2024 a kan irin waɗannan marasa lafiya ya sami gocewa ta fi yawa a hanyar baya, ko da yake jin daɗin rayuwarsu bayan wata shida bai bambanta ba. A aikin gyara, ko inda ƙashi ya karkace, ko akwai tsohon ƙarfe da za a cire, an fi son hanyar da ake iya faɗaɗawa, yawanci ta baya. Masu ƙagewar gadon baya ma suna da ƙarin haɗarin gocewa, domin ƙugunsu ba ya juyawa yadda ya kamata idan sun zauna.

A Najeriya cutar sikila tana cikin manyan dalilan da suke kai matasa ga wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar yara kusan 150,000 da cutar a ƙasar kowace shekara, kuma toshewar ƙananan hanyoyin jini tana kashe kan ƙashin cinya ga wasu daga cikinsu. Ramin ɓargonsu yakan ƙuntata ya taurare, abin da yake ƙara haɗarin fasa ƙashi yayin zura ƙarfe, sannan sun fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Don haka ganin ƙashin cinya sarai ya fi ƙanƙantar tabo muhimmanci a wurinsu. Ana yin aikin a asibitocin ƙashi na tarayya, kamar na Dala a Kano, na Igbobi a Legas da na Inugu, da kuma wasu asibitocin koyarwa.

## Ƙa'idojin bayan aiki

Motsin da ake hana mara lafiya ya danganta da ƙofar da aka buɗe. Bayan hanyar baya, an saba hana lanƙwasa cinya fiye da digiri 90, harɗe ƙafa, da juya ƙafa ciki, na tsawon makonni shida zuwa goma sha biyu. Bayan hanyar gaba, abin kiyayewa shi ne miƙa ƙafa baya sosai tare da juya ta waje. Asibitoci da yawa sun sassauta waɗannan ƙa'idoji, ganin cewa bincike bai nuna suna rage gocewa sosai ba idan gaɓa ta zauna daidai kuma an yi ɗinki mai kyau.

Batun ya fi nauyi a inda rayuwar yau da kullum take buƙatar lanƙwasa cinya ƙwarai, kamar zama a tabarma, tsuguno a banɗaki, da sujada da zaman tahiya. A makonnin farko akan shawarci mara lafiya ya yi amfani da kujera mai tudu da masai na zama, ya yi salla a zaune a kan kujera, har sai likita da masu gashin ƙashi sun ga tsoka ta yi ƙarfi. Lokacin komawa zaman ƙasa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, gwargwadon hanyar da aka bi, girman ƙwallon da aka sa, da yanayin tsokarsa. Zafi mai tsanani farat ɗaya, gajarcewar ƙafa, zazzaɓi, ruwa daga rauni, kumburin sha-raɓa ko sarƙewar numfashi alamu ne da suke buƙatar komawa asibiti ba tare da jinkiri ba.